Wasan Gida, Wasan Waje

Idan damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai a gonakin Gobir, a daidai lokacin ne hukumar gasar Firimiyar Najeriya kan saki jadawalin sabuwar kaka. Ƙungiya 20 ce, kowacce da wasa 38, rabi a gida rabi a waje, a fara a ƙarshen damina a ƙare cikin bazara. Kafin a kira la'asar hoton takardar ya gama zaga wayoyin samarin Sabon Birni da Isa, ana ta lissafi a teburin mai shayi: yaushe Kano Pillars za ta je Katsina, yaushe Enyimba za ta zo Ƙofar Mata, wane wasa ne zai faɗo cikin azumi. A shekarun nan duk wanda ya bi sunayen daga sama har ƙasa ba zai ga Sakkwato ba. Ƙungiyar jiharmu, Sokoto United, tana rukuni na biyu, wanda masu sharhin wasanni ke yi wa laƙabi da gasar gajiyayyu, kuma jadawalin wannan rukuni ba shi da tsayayyen lokacin fita. Wata shekarar a sa rana a ɗaga, a sake sawa a sake ɗagawa.

Gidan ƙungiyar shi ne filin wasa na Giginya a birnin Sakkwato, wanda ya ci sunan fagen da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta tari Turawa a watan Maris na 1903. Daga Sabon Birni zuwa can tafiya ce ta fiye da kilomita 100, ta Goronyo da Acida. Mutumin Isa kuma yana da tasa hanyar ta Marnona. Wanda bai san waɗannan hanyoyi biyu ba, da wuya ya gane abin da jadawalin ƙwallo yake nufi a wurinmu. A kan takarda kwanan wata ne da sunan gari biyu. A aikace kuwa alkawari ake ɗauka cewa ran kaza wata bas za ta ɗebi samari ashirin da wani abu, ta bi titi da su zuwa wani gari, su kwana, su buga, su koma gida lafiya, kuma mai son kallo zai iya bin bayansu. Ba ƙaramin abu ba ne ƙasa ta iya cika irin wannan alkawari kowane mako. Mun daɗe muna cin moriyarsa ba mu san sunansa ba.

Muna yara muna da namu jadawalin, sai dai ba wanda ya taɓa buga shi a takarda. Noma ne ke yanke shi. Daga shuka har girbi ba uban da zai yarda ɗansa ya bar gona ya je bin tamaula, kuma wanda ya saci jiki ya tafi fili ya san abin da ke jiransa a zaure. Sai an ɗaure dammunan gero an kai rumbu, sanyi ya fara shigowa, sannan gari ke sakin jiki. Kokawa da dambe su ne manya a lokacin. Su ke da makaɗa, su ke tara dattawa da 'yan mata, su ake ba kyautar riga da kuɗi a tsakiyar fage. Ƙwallo kuwa ta 'yan boko ce, ta shigo ta hannun malaman firamare ta zauna a filin makaranta, inda turke biyu da igiya a sama su ne raga.

Idan za a haɗa wasa da wani gari, sakataren ƙungiya ne ke yage takarda daga tsakiyar littafin rubutu, ya zauna ya tsara wasiƙar gayyata da iyakar Turancinsa, a danƙa wa direban motar kasuwa. Amsa ba ta zuwa sai kasuwa ta zagayo. Ranar wasa a yi karo-karo a ɗauki a-kori-kura, 'yan wasa da magoya baya duka a cushe a baya, kowa riƙe da ƙarfe. Rigunan na aro ne, lambobin an rubuta su da fenti, masu takalmi kaɗan ne, su ma ana jin tsoronsu. Ƙwallon fata ce mai ɗinki wadda ta sha zuwa wurin baduku, in ƙaya ta huda robar ciki sai a tsayar da wasa a ruga wurin mai facin keke, jama'a su zauna a ƙasa suna jira. Alƙalin wasa malamin makarantar masu gida ne, don haka tun daga mota mun san cewa in aka kusa tashi ba a ci ba, fenareti na tafe. Wani lokaci a ƙare da jifa. Duk da haka ba a barinmu mu tafi sai an kai mu ƙofar gidan mai gari an kawo ƙwaryar fura, waɗanda suka jefe mu ɗazu su ne ke miƙa ludayi. Sai bayan isha'i muke kama hanya, cikin duhu, a buɗaɗɗiyar mota, ana ihu ana maimaita yadda aka ci da yadda aka cuce mu. Abin da ake tsoro a hanyar nan bai wuce fashewar taya ba, sai kuma aljanun da aka ce suna zaune a gindin wata tsamiya.

Iyakar Nijar ma ba ta hana komai. Sabon Birni kanta Gobirawan da suka ɓalle daga Tsibiri ne suka kafa ta a ƙarƙashin Ɗan Halima, a tsakiyar ƙarni na 19, shekaru da dama bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. Dangi ɗaya ne aka ja layi a tsakaninsu, kuma in da miƙe za a bi, Maraɗi ta fi Sakkwato kusa da mu. Don haka ƙauyukan wajen Gidan Rumji abokan karawa ne kamar kowa, kuma sunan Jangorzo da Ɗan Kasawa, ƙungiyoyin Maraɗi, ba baƙo ba ne a kunnenmu. Su dai mutanen Nijar kokawa ta fi ƙwallo daraja a wurinsu. Tun 1975 suke da gasar takobi ta ƙasa wadda ke zaga jihohinsu, kuma in ana yin ta rediyon kowa a Gobir can yake karkata.

Ƙwallon manya kuwa ta rediyo muka san ta. Ranar Asabar da yamma a kewaye akwatin wani dattijo, a ɗaga eriya, ana juya shi gabas da yamma don murya ta fito. A nan muka haddace sunayen da ba mu taɓa ganin masu su ba: Mighty Jets ta Jos, wadda ta ɗauki kofin gasar ƙasa ta farko a 1972, da Raccah Rovers ta Kano da ta ɗauka a 1978, da Rangers ta Inugu, da Ranchers Bees ta Kaduna. In Shooting Stars ta Ibadan ko Stationery Stores ta Legas ta sha kashi, ranar Bayaraben da ke da shago a bakin kasuwa bai da sakat, domin Bagobiri da Bayarabe taubasai ne, kuma ba a taɓa samun makamin tsokana mai daɗin ƙwallo ba. Shi ma in tasa ta ci, sai ya fito ƙofar shago yana tambaya wai ina ƙungiyar Gobirawa take, a wane rukuni take bugawa. Ba mu da amsa sai dariya.

Yawancin waɗancan ƙungiyoyi na kamfanoni ne da attajirai. BCC Lions ta Gboko ta kamfanin siminti ce, kuma ta ɗauko kofin Afirka na masu riƙe da kofin ƙalubale a 1990. Akwai Leventis United, akwai Abiola Babes. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980 da 1990, kamfanoni suka riƙa janye hannu, gwamnatocin jihohi suka gaji ƙwallon. A 1990 aka buɗe gasar ƙwararru, kuma a shekarar ce aka haɗe ƙungiyoyi uku na Kano, wato ta hukumar ruwa WRECA da Golden Stars da ta Bank of the North, aka haifi Kano Pillars. Katsina United ta biyo baya, ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale sau uku a jere, daga 1995 zuwa 1997, ba ta ɗauka ko sau ɗaya ba. Wannan sauyi ya fi yadda muka zata nauyi. Ƙungiyar gwamnati tana ci ne daga kasafi, ba daga kuɗin ƙofa ba. Ko 'yan kallo sun zo ko ba su zo ba, ba a kansu albashi ya rataya ba. In gwamna mai son ƙwallo ne ta ji daɗi, in ba ya so ta rame, in an canza gwamnati a canza shugabanninta. Kuma a yawancin jihohin ƙasar nan irin wannan ƙungiya ta babban birni ce, sunan jiha kawai take ɗauke da shi. Mutumin ƙaramar hukumar da ke can ƙurya sai dai ya ji labari.

A 1996 aka cire Zamfara daga Sakkwato. Shinkafi, wadda kasuwarta ta Alhamis ke ci da mutanen Isa, ta koma wata jiha, Isa ta tsaya a nan. Sai ga shi a shekarun 2000 Zamfara United ta hau Firimiya, tana karɓar baƙi a filin tunawa da Sardauna da ke Gusau. Ga mutumin Isa wannan shi ne lokacin da babbar ƙwallo ta fi matsowa kusa da shi: ya bi ta Shinkafi da Ƙauran Namoda da hantsi, ya ga Enyimba ko Rangers da idonsa, in ya so ya kwana in ya so ya juyo. Ba a ɗauke ta a matsayin ƙungiyar wata jiha ba, ai jiya-jiya aka raba. Abin da aka fi tunawa da ita, abin takaici, shi ne wasan ƙarshe na kakar 2009, ranar da take neman ruwan ƙwallaye don kada ta faɗi, ta kuma ci Kaduna United 9 da nema. Har yau in aka ga ci ya yi yawa a wasan unguwa, akwai mai tuno da wannan rana. Bayan 'yan shekaru ta faɗo, kuma ba ta sake zama abin da take ba. Wanda ya ga abin da ya faru a Bauci a 2013, inda wasu ƙananan ƙungiyoyi biyu masu neman hawa suka ci 79 da nema da 67 da nema a rana ɗaya, ya san cutar ba ta Gusau kaɗai ba ce.

Da babu tamu a sama, sai muka ari ta Kano. Bagobiri ya riƙa yin kirarin Pillars yana cewa sai masu gida, alhali gidan ba nasa ba ne. Amma Pillars ta biya mu aron. Ta ɗauki kofin gasa a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, bayan kunnen doki 1 da 1 a Kano da 2 da 2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. A Pillars ne Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin ya wuce Turai. A can kuma muka sami wanda za mu nuna mu ce namu ne: Shehu Abdullahi, haifaffen birnin Sakkwato, wanda ya yi suna a Pillars, ya fita Kuwaiti da Fotugal da Saifurus da Turkiyya, ya ɗauko tagulla a wasannin Olamfik na Rio a 2016, ya buga wa Najeriya wasanta da Kuroshiya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Ranar ba a cewa ɗan Najeriya, Basakkwace ake cewa. Sai dai hanyar da ya bi tana da abin lura a ciki. Kafin duniya ta gan shi sai da ya bar Sakkwato ya sa rigar wata jiha.

Akwai abin da ban taɓa jin daɗinsa ba a tarihin da muke alfahari da shi. Pillars ta yi wasa 202 a gida ba a doke ta ba, daga 2003 har zuwa 2015 da Nasarawa United ta karya lagon. Ana ba da labarin a matsayin bajinta, kuma akwai bajinta a ciki. Amma duk mai bin gasar nan a wancan zamani ya san yadda ake karanta jadawali: a ƙirga wasannin gida a sa musu maki uku-uku, a ƙirga na waje a yi addu'ar canjaras. Kusan kowace ƙungiya zaki ce a gidanta. Ga doguwar tafiya a bas, ga 'yan kallo a wuyan alƙalin wasa, ga alƙalin ma yana so ya koma wa iyalinsa. Malamin firamaren nan mai busa fenareti ana dab da tashi, shi ne dai ya girma ya sa baƙar riga. A watan Afrilu na 2022 wasan Pillars da Katsina United a Kano bai ƙare ba, aka farfasa motar baƙi, kuma a ƙarshen kakar duka biyun suka faɗa gajiyayyu tare. Sun dawo a shekarar da ta biyo. A 'yan kakannin nan an fara ganin baƙo na cin wasa a gidan wani ba tare da an ce abin al'ajabi ba ne, kuma Remo Stars, wadda ba ta gwamnati ba ce, ta ɗauki kofin 2025. Wannan gyara ne na gaske, ya kamata a faɗa.

Sai dai kafin gyaran ya zo, zukatan yara sun riga sun yi ƙaura. Zinaren Olamfik na Atlanta a 1996 ya buɗe ƙofa, komawar Kanu Arsenal a 1999 ta ƙara buɗe ta, zuwan Mikel Chelsea a 2006 ya raba gari gida-gida. Gidajen kallo suka tsiro a kowace unguwa: rumfar kwano ko ta zana, benci a jere, talabijin biyu ko uku a kan katako, janareto a baya yana hayaƙi, allo a ƙofa an rubuta wasannin yau da alli da kuɗin shiga. Yaron da bai taɓa zuwa Goronyo ba ya san sunan kocin Liverpool da farashin da aka sayi ɗan bayan Madrid. Ba na zargin su, kuma ni ma ina shiga. Jadawalin Ingila tun watan Yuni yake fita, kuma in aka ce ƙarfe uku to ƙarfe uku ne, mutum zai iya tsara sallarsa da kasuwarsa a kai. Tamu kuwa a 2018 an tsayar da ita bayan wasa 24, a 2019 aka raba ta rukuni biyu don a gama da wuri, a 2020 annobar korona ta katse ta, a 2023 aka sake gajarta ta. Yaya za a ce wa yaro ya ba da zuciyarsa ga abin da bai san ranar farawarsa ba?

Duk wannan ƙorafin mai ƙoshi ne in aka gwada da abin da ya biyo baya. Da muka ji a watan Maris na 2015 cewa 'yan bindiga sun buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, tana kan hanyar Owerri don wasan farko na kaka, har 'yan wasa biyar suka ji rauni, mun ɗauka abin na can nesa ne. Cikin 'yan shekaru ya iso ƙofar gida. A ƙarshen watan Mayu na 2020 aka kashe fiye da mutum 70 a Garki da Ɗan Aduwa da ƙauyukan da ke kewaye da su. Dubban mutane suka tsallaka zuwa yankin Gidan Rumji, inda dā muke zuwa wasa, yanzu da tabarmi da tukwane a kai. A watan Oktoba na 2021 aka afka wa kasuwar Goronyo. A watan Disamba na shekarar aka ƙone motar fasinja da mutanen cikinta kusa da Gidan Bawa, fiye da rai 20. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, kuma a watan Agusta ya rasu a hannun waɗanda suka ɗauke shi. Allah Ya jiƙan su baki ɗaya. A kan wannan titin ne za a ce wa saurayi ya hau mota ya je Giginya kallon ƙwallo.

Ko kallon na Turai sai da abin ya taɓa shi. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta hana sayar da fetur a jarka, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, har da namu biyu. An yi ne don a toshe wa ɓarayin daji numfashi. Amma janareton gidan kallo da jarka yake shan mai, kuma kuɗin tashar tauraron ɗan'adam ta waya ake biya. Masu layin Nijar suka zama 'yan gata, ana bin su ana tambayar yadda wasa ya tashi, wasu har su hau tudu suna ɗaga waya sama. Ita ma iyakar ba ta zauna lafiya ba. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024.

Mutanen Borno sun riga mu shan wannan ruwa. Da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, El-Kanemi Warriors ta bar Maiduguri, ta riƙa buga wasanta na gida a Kano, daga baya a Katsina, wato ba ta da wasan gida sai a takarda. A 2016 ta koma Maiduguri, kuma komawar ta zama shaida ga sauran ƙasa cewa ana iya shiga garin a fito. A 2024, tana rukuni na biyu, ta ɗauki kofin ƙalubale. A shekarar ce kuma aka tara ƙungiyoyi takwas a Inugu don fitar da masu hawa Firimiya, huɗu daga Arewa huɗu daga Kudu, kuma Sokoto United na cikinsu. Samari sun bi wasannin nan a waya da zumuɗin da ban taɓa ganin an yi wa ƙungiyar ba, har da waɗanda ba su san launin rigarta ba. Daga Arewa El-Kanemi da Nasarawa United suka haye, tamu ta dawo. Na riƙa tunanin da ta haye, da me zai canza a gabashin jiha? Birnin Sakkwato zai ga Rangers da Enyimba, masu otal da masu abinci za su samu. Mu kuwa za mu gani a waya, kamar yadda muke ganin Arsenal.

Asarar da ta fi damuna ba ta kallo ba ce. Ƙungiyar jiha ba daga sama take samun 'yan wasa ba. Daga gasar makarantu suke fitowa, da kofin ciyaman, da wasan gari da gari, inda wani koci zai tsaya a bakin fili ya ga yaro ya ce a kawo masa shi gwaji. Yau makarantun ƙauyuka da yawa a rufe suke ko sun zama masaukin 'yan gudun hijira, kuma babu kocin da zai taso daga birni don ya duba ɗan gaba a Gatawa. Yaran da iyayensu suka yi hijira zuwa Sakkwato, su ne wataƙila wani zai gani. Sauran suna nan suna buga abinsu a rairayi, wasu da ƙafar da ta fi ta waɗanda ake biya.

Don ba a daina bugawa ba. A cikin garin Sabon Birni da na Isa har yanzu ana gasar unguwanni bayan girbi da lokacin Sallah, 'yan siyasa na sayen riguna da hotonsu a ƙirji, ana sa rago ko babur a matsayin kyauta, fili na cika. Yara yanzu suna da takalma, ƙwallon ma ba ta zuwa wurin baduku. Baƙi ne suka yi ƙaranci. In ƙungiyar wani gari ta yarda za ta zo, ba a jiran la'asar ta yi sanyi, da rana tsaka ake take wasa don su kama hanya ido na ganin ido, kuma ba mai tsayawa shan fura. Kwanan baya wani ɗan ƙanena da ke cikin masu shirya irin wannan gasa ya nuna mini jadawalinsu a waya. An tsara shi tsaf, rukuni-rukuni, har da tambarin kowace ƙungiya, amma gurbin kwanan wata a wasannin baƙi duk babu komai. Na ce masa sun manta ba su cike ba.

Ya ce, "Kawu, ba mantuwa munka yi ba. In munka sa rana, wa ka ba mu tabbacin hanya? Sai da dare mukan kira direbobi mu ji yadda ta kwana, in sun ce da sauƙi, mu ce ma yara su taho gobe."

Na tambaye shi in ƙungiya ba ta samu zuwa ba fa, ko ana ba abokiyar karawarta maki uku kamar yadda doka ta ce. Ya ce sun taɓa gwadawa, rigima ta hana, yanzu sai dai a ɗaga wasan a jira.